Tsoho da Yaro a Wurin Aiki Ɗaya: Tafiyar da Ma'aikata Masu Tazarar Shekaru a Sakkwato

Duk wata ma'aikata mai girma a birnin Sakkwato tana tara mutanen da tazarar shekarunsu ta kai ta uba da ɗa, wani lokaci ma ta kaka da jika. Dokar aikin gwamnati ta tanadi cewa ma'aikaci zai yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Saboda haka saurayin da aka ɗauka yana ɗan shekara 24 ko 25, bayan ya gama hidimar ƙasa, zai tarar da sa'an mahaifinsa a teburin da ke kusa da nasa. A Jami'ar Usmanu Danfodiyo tazarar ta fi haka faɗi, domin tun 2012 doka ta ba farfesa damar kaiwa shekara 70, sauran malaman jami'a kuma 65. Wata dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malaman firamare da sakandare zuwa 65, ko shekara 40 na aiki. A kasuwa da maƙera da majema kuwa babu ritaya sam. Mutum yana fita wurin sana'arsa har ƙarfi ya gaza, kuma ba abin mamaki ba ne a ga ɗan shekara 75 da ɗan 15 suna juya fata ɗaya.

Littattafan koyar da shugabancin ma'aikata da ake shigowa da su daga Amurka da Ingila sun saba kasa ma'aikata gida huɗu: waɗanda aka haifa tsakanin 1946 da 1964, sai 'yan 1965 zuwa 1980, sai 'yan 1981 zuwa 1996, sai na bayansu. Wannan rabo ya fito ne daga tarihin waɗannan ƙasashe, musamman yawan haihuwar da aka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma damuwar da ke bayansa ita ce tsofaffi sun yi yawa, matasan da za su gaje su sun yi kaɗan. A Najeriya abin a juye yake. Kusan rabin mutanen ƙasar ba su wuce shekara 18 ba. Matsalar shugaban ma'aikata a Sakkwato ita ce matasa sun cika gari, guraben aiki ba su da yawa, waɗanda ke kan kujeru kuma suna da dalilai masu ƙarfi na jin tsoron barinsu. Wanda ya ɗauko rabon Amurka ya ɗora a Sakatariyar Usman Faruk zai yi ta neman maganin cutar da ba ita ke damunsa ba.

Abin da ya fi amfani shi ne a dubi abin da kowane rukuni ya tarar a lokacin da ya tashi. Waɗanda ke cikin shekarunsu goma na ƙarshe a aiki an haife su ne tsakanin 1965 da 1975. Da yawansu shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ne ya kai su aji, wasu suka bi ta kwalejin horon malamai. Sun fara aiki bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar albashi, sun ga an cire Kebbi daga jihar a 1991, an cire Zamfara a 1996, an raba ma'aikata da fayiloli da motoci. Sun koyi aiki da tafireta da fayil mai igiya, a zamanin da ake ɗaukar aikin gwamnati a matsayin alkawari na har tsufa. Na tsakiya sun shigo bayan dawowar mulkin farar hula a 1999. Wayar salula ta same su a 2001 suna samari, dokar fansho ta 2004 kuma ta sa ma'aikatan tarayya da na manyan kamfanoni suka koma tara fanshonsu da kansu daga albashi. Na ƙarshe su ne waɗanda aka haifa wajen shekarar 2000. Sun rubuta jarrabawar shiga jami'a a kan kwamfuta, yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na 2022 ya cinye musu kusan shekara ɗaya da rabi, kuma da yawansu sun yi shekaru suna yawo da takardu kafin su sami gurbi. Irin wannan matashi bai taɓa ganin albashin da ya riƙe gida shi kaɗai ba, don haka kusan kowannensu yana da wata 'yar sana'a a gefe. Dattijo yakan ɗauki wannan a matsayin raba hankali. Shi kuwa yaron gani yake hankali ke nan.

Girma iri uku

A wurin aiki a Sakkwato ana auna girma da ma'auni uku, kuma ba kullum suke haɗuwa a kan mutum ɗaya ba. Akwai girman shekaru, wanda mutum ke zuwa da shi daga gida: yaro ne ke fara gaisuwa, ya rusuna, ya rage murya, kada ya kira babba da sunansa tsirara. Akwai girman muƙami, wanda takarda ke bayarwa. Akwai kuma girman sani, na addini ko na aiki. A masallacin ma'aikata ana iya ganin ƙaramin akawu mai haddar Alƙur'ani yana jan salla, darakta yana bayansa a sahu, kuma babu wanda ke jin an taɓa darajarsa. Yawancin rigingimun da ake ɗora wa bambancin zamani suna tasowa ne a inda waɗannan ma'aunai suka saɓa, aka rasa wanda zai daidaita su.

Tarihin birnin kansa ya san wannan matsala tun farko. Shehu Usmanu ya fara wa'azi yana ɗan shekara 20 ko kusa da haka. Muhammadu Bello, wanda aka haifa a 1781, ya gina Sakkwato a 1809 bai kai shekara 30 ba. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, alhali baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya girme shi da kusan shekara 15 kuma malami ne da ba a ja da shi, yana raye. Tsakaninsu ya yi sanyi na ɗan lokaci. Masana tarihi sun kawo cewa 'yan shekaru bayan haka, da Bello ya kai wa baffan nasa ɗauki a yaƙin Kalambaina ta ƙasar Gwandu, ya yi niyyar sauka daga kan doki don ya gaishe shi kamar yadda ɗa ke yi, sai Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sarautar Amirul Muminina. Ƙarami ya ba shekaru haƙƙinsu, babba ya ba muƙami haƙƙinsa, kuma kowanne ya yi nasa a gaban jama'a. Har yau da wuya a sami tsarin da ya fi wannan dacewa da ofishin da saurayi ke shugabantar dattijo.

Ubangida da yaronsa

Kafin zuwan ofis, Sakkwato tana da nata tsarin haɗa tsoho da yaro a aiki, kuma sunayen shiyoyin birni irin su Maƙera Assada da Marina da Majema suna nuna yadda sana'o'i suka zauna gida-gida. Jima ta isa misali, domin fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara har ta isa Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko saboda hanyar da ta bi. Yaron da aka kai wa majemi ba ya fara taɓa wuƙa. Aikinsa na farko ɗebo ruwa ne da dakan bagaruwa da kwashe gashi. A hankali yake ganin yadda ake jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, yadda ake shimfiɗa ta a kankare, yadda ake tausasa ta, sannan a tsoma ta a ruwan bagaruwa ana juyawa. Ranar da maigidan ya yanki ɗan gefen fata ya miƙa masa ya ce ya duba ko bagaruwa ta ratsa ko da sauran fari a tsakiya, ranar ce ya fara zama majemi. Rini da karan dafi, wanda ke ba fata jan launin nan da aka sani, yana zuwa daga baya. Babu manhaja a rubuce, amma akwai tsari: daga aikin da kuskurensa ba ya jawo asara zuwa wanda kuskurensa zai lalata fata mai tsada.

Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne nauyin da ke kan ɓangarorin biyu. Yaro yana bin umarni, yana haƙuri da faɗa, yana aiki ba tare da albashi tsayayye ba. Ubangida kuma yana ciyar da shi, ya yi masa ɗinkin salla, ya kula da shi in ya yi ciwo, ya koya masa sana'ar har ƙarshenta, sannan ya yaye shi. Yayen ba baki kawai ba ne: kayan aiki ne, ko jari, ko rumfa, da haɗa shi da masu sayen kaya, sau da yawa har da tsaya masa a aure. A kasuwa, ɗan kasuwar da ya tayar da yara da yawa suka zama masu kansu ya fi wanda ya tara dukiya shi kaɗai kwarjini. Idan aka sami saɓani kuma akwai inda za a kai ƙara, wurin Sarkin Maƙera ko Sarkin Fawa ko shugaban 'yan layi, waɗanda suka san duka ɓangarorin biyu da iyayensu.

Tsarin yana da nasa aibu, kuma bai kamata a ɓoye ba. Akwai iyayen gidan da ke riƙe asirin sana'a sai ga 'ya'yan cikinsu. Akwai waɗanda ke ja wa yaro rai shekara goma ba yaye, domin hannunsa ya faɗa, rabuwa da shi asara ce. Tunda babu yarjejeniya a rubuce, idan maigida ya rasu magada suna iya cewa ba su san da wani alkawari ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi cewa koyon sana'a ya zama da yarjejeniya a rubuce kuma kada ya wuce shekara biyar, amma kaɗan ne a cikin masu sana'ar hannu ke bin wannan. Duk da haka jigon tsarin yana nan daram: ladabin yaro bashi ne a kan babba, ana biyansa da koyarwa da buɗe hanya. Inda aka karɓi ladabin aka hana biyan, nan ne yaro ke fara kangarewa, kuma nan ne ake fara cewa yaran zamani ba su da tarbiyya.

Inda ofis ya saɓa

Aikin gwamnati ya gaji ladabin gida, amma bai gaji nauyin koyarwa ba. Ana jera ma'aikata a matakan albashi daga 01 zuwa 17. Mai digiri yana shiga a mataki na 08 tun ranar farko, alhali direba ko ƙaramin akawun da ya shiga da takardar sakandare zai iya shekara 30 bai wuce na 07 ba. Ƙa'idar ƙarin girma ta tarayya ita ce shekara biyu a ƙananan matakai, uku a na tsakiya, huɗu a manya, kuma ba a tambayar babban jami'i mutum nawa ya horar kafin a ɗaga shi. Sakamakon haka sabon ma'aikaci yana iya wata shida ba wanda ya nuna masa yadda ake rubuta bayani a fayil, ko me ya sa wasiƙa ke bi ta wannan teburi kafin wancan. Yana gaisuwa, yana ɗauko kujera, ana aikensa, amma ba ya ƙaruwa. Wannan asara ce babba, domin shekarun farko su ne lokacin da mutum ke koyon aiki ko ya koyi zaman banza.

A ɗaya gefen kuma ga tsohon ma'aikacin ɗakin ajiyar fayiloli, wanda ya san inda takardar filin da aka yanka a 1988 take, ya san wace wasiƙa ce ta soke wata, ya san dalilin da ya sa aka daina wani tsarin da sabon shugaba ke shirin dawowa da shi a matsayin sabon tunani. Matakinsa ƙarami ne, ba a gayyatarsa taro. Saurayin da aka ɗora a kansa yana da zaɓi biyu. Zai iya dogara da muƙami, ya yi ta aika umarni, sai ya tarar fayil ya ɓace, aiki ya tsaya, ba tare da kowa ya ce masa a'a ba. Ko kuma ya fara gaishe shi da safe, ya kira shi Baba ko Malam, ya nemi shawararsa kafin ya yanke hukunci, sannan ya yanke hukuncin da kansa ya sa hannu. Na biyun bai rage masa iko ko kaɗan ba. Gogaggun shugabanni sun san cewa gyaran dattijo ba a yin sa a gaban yara. Ana kiransa gefe, ko a bi ta wani sa'ansa da yake jin nauyi, takardar tuhuma kuma ta zama matakin ƙarshe. Amma kara tana da iyaka. Idan aka bar babba yana zuwa aiki ƙarfe goma sha ɗaya saboda furfurarsa, aka yanke wa yaro alawus don ya makara minti ashirin, an koya wa matasan ofishin duka cewa doka ta marasa gata ce.

Taron ma'aikata shi ne wurin da kunya ta fi yin ɓarna. Idan darakta ya fara faɗin ra'ayinsa, an gama, domin babu ƙaramin da zai ɗaga hannu ya saɓa masa, ko da kuwa shi ne ya tattara alƙaluman kuma ya san ba su goyi bayan maganar ba. Shirun da aka yi sai a rubuta shi a matsayin amincewa. Maganin ba wuya gare shi ba: shugaba ya fara tambayar ƙanana da sunansu, ya bar nasa ra'ayin zuwa ƙarshe, ko ya nemi kowa ya rubuto nasa kafin a zauna. Haka nan hanyar isar da saƙo. Dattijo bai ɗauki umarni a matsayin umarni ba sai ya gan shi a takarda da sa hannu da hatimi, matashi kuwa ya riga ya fara aiki da abin da aka tura a zauren WhatsApp na ofis. Kowannensu yana da gaskiyarsa, domin takarda ce hujja ranar bincike, waya kuma ita ce mai sauri. Aikin shugaba ne ya fayyace abin da waya ta isar masa da abin da sai an rubuta, ya kuma hana tura saƙon aiki da tsakar dare ana jiran amsa.

Sani mai tafiya ta hanya biyu

A asibiti ake ganin wannan a fili. Sabon likita mai shekara 25 da ke shekararsa ta gwaji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru yana da ikon rubuta magani, amma ma'aikaciyar jinyar da ta shekara 30 a ɗakin yara takan gane yaron da jikinsa zai rikice tun kafin awo ya nuna. Likitan da ya raina ta zai koya da wahala, a kan majinyata. Ita ma idan ta toshe kunne ga sabuwar ƙa'idar magani don ta fito daga bakin sa'an ɗanta, majinyacin ne zai ji a jikinsa. Ƙaurar likitoci da ma'aikatan jinya zuwa Saudiyya da Ingila da wasu ƙasashe ta ƙara tsananta lamarin a duk faɗin Najeriya, domin da yawa daga cikin masu tafiya na tsakiya ne, masu shekara goma ko sha biyar a aiki, waɗanda su ne gadar da ke tsakanin manya da sababbi. Idan suka tafi sai a bar babban likita ɗaya da tarin ƙanana, ba mai tsayawa kusa da su a gefen gado.

Masana'antar siminti ta Kalambaina da ke bakin birni, a ƙaramar hukumar Wamakko, ta nuna yadda na'ura ke sauya ma'aunin sani. Ta fara aiki a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara, aka ƙara layin tan 500,000 a 1985. Bayan kamfanin BUA ya karɓe ta, an buɗe layin tan miliyan 1.5 a 2018 da na tan miliyan 3 a 2022. A tsofaffin masana'antu irin wannan ma'aikaci yakan gane lafiyar injin da kunnensa da launin wuta. A sababbi kuwa ana sarrafa kusan komai daga ɗaki guda, ta fuskar kwamfuta. Injiniyan da ya fito jami'a kwanan nan ya fi saurin karanta abin da allon ke nunawa, amma ranar da na'urar awo ta yi ƙarya, tsohon hannu ne zai ji cewa ƙarar ba daidai take ba. Hanyar da ta fi tasiri ita ce a haɗa su a aiki ɗaya na haƙiƙa, mai wa'adi da sakamako. Tara dattawa a aji a sa yaro ya koya musu kwamfuta a gaban juna ba ya cika haifar da ɗa mai ido, domin babba ba ya son a ga gazawarsa. Shi da yaro ɗaya a teburinsa, a kan aikin da ke gabansa, yakan koya cikin 'yan makonni.

Kasuwa ta ga irin wannan sau biyu a kusa-kusa. Bayan gobarar da ta ci babban ɓangare na Babbar Kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, abin da zai tayar da wanda kayansa suka ƙone shi ne sunan da ya yi shekaru yana ginawa wurin masu ba shi kaya bashi a Kano ko Legas ko Onica, kuma wannan jari ne da yake hannun dattawa. A farkon 2023 kuma, da sauya fasalin naira ya sa takardar kuɗi ta yi wuya, 'yan kasuwar da suka ƙi yarda da tura kuɗi ta waya sun wayi gari dole sai da yaran shagonsu, masu asusun banki da na'urar POS. Wannan ya zo da sabuwar tambaya ta amana, domin kuɗin maigida yanzu suna shiga wayar yaro. Shagunan da suka zauna lafiya su ne waɗanda aka buɗe asusu da sunan shagon, aka ci gaba da yin lissafin yamma tare, maigida da littafinsa, yaro da wayarsa.

Mata a matakai daban-daban

Rayuwar aikin mace tana da matakan da tsarin ofis bai cika lura da su ba. Budurwar da ta fara koyarwa ko jinya za ta yi aure, ta haihu, ta yi goyo, wata za ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma, sannan bayan ta cika shekara 45 ta sami sararin da ba ta taɓa samu ba. Dokar ƙwadago ta ba mai haihuwa mako 12, ƙa'idar ma'aikatan tarayya kuma mako 16. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta gina tsarin 'Yan Taru a kan fahimtar waɗannan matakai. Dattawan mata da suka wuce hidimar goyo, tare da 'yan mata ƙanana, su ne ke yin tafiya daga ƙauyuka zuwa wurinta ƙarƙashin jagorancin jaji, su ɗauko karatu su kai wa matan aure da ke gida. Kowane rukuni an ba shi aikin da halinsa ya ba shi damar yi. Shugabar makaranta ko ta sashen jinya da ta tsara jadawali da wannan tunani, ta sassauta wa mai goyo a shekarun da take buƙata, ta ɗora wa manya horar da ƙanana, za ta riƙe ma'aikatan da da sun ajiye aiki. Ana kuma buƙatar a yi hattara da wata ɗabi'a da ake gani, ta babbar da ta sha wuya a zamaninta ba tare da sassauci ba, ta ga dole na bayanta ma su sha.

Kuɗi da kujera

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, amma cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar naira sun cinye ƙarin. Matsin ya shafi kowa, sai dai ba wuri ɗaya yake ciwo ba. Matashi yana tunanin kuɗin aure da haya da abin hawa, yana kuma son ya ga hanyar gaba. Na tsakiya yana ɗauke da iyaye da 'ya'ya da ƙanne a lokaci guda. Dattijo kuwa fansho da garatuti da lafiya ne a ransa, kuma ya ga waɗanda suka riga shi suna sintiri da takardu. Shugaban sashe ba shi da iko a kan albashi, amma yana da iko a kan ƙananan abubuwan da ma'aikata ke auna adalci da su: wa za a tura kwas, wa zai yi tafiyar da ke da alawus, wa za a ba damar ƙaro karatu, sunan wa zai fito a rahoton da aka yi tare. Kuskuren da ya yaɗu shi ne a mayar da kwas ladan daɗewa, a tura wanda saura shekara ɗaya ya yi ritaya ya koyo abin da wani ne zai yi aiki da shi shekara talatin.

Tsoron ritaya ne ke sa wasu rage shekarunsu a takarda ko neman a tsawaita musu, kuma kowace kujerar da aka ƙi saki tana tsayar da mutane da dama a bayanta. Gwamnatin tarayya ta gwada magance cunkoson a 2009 da ƙa'idar cewa darakta ba zai wuce shekara takwas a muƙaminsa ba, babban sakatare kuma wa'adi biyu na shekara huɗu-huɗu. An dakatar da ita a 2016, aka dawo da ita a 2023. Ƙa'idar tana buɗe hanya, amma ba ta tanadi yadda sanin mai tafiya zai zauna ba. Watanni ukun sanarwar ritaya galibi a bin takardun fansho suke ƙarewa, takardar miƙa aiki kuma ba ta wuce jerin kujeru da kabad da makullai. Ma'aikatar da ta damu da abin za ta fitar da magaji tun saura shekara ɗaya ko biyu, ya zauna kusa da mai tafiya, ya bi shi taro, ya rubuta abin da ke kansa game da fayiloli da mutane da dalilan tsofaffin hukunce-hukunce. Ita kuma ta tsaya wa dattijon a kan takardun haƙƙinsa, domin wanda ke fargabar abin da zai ci bayan ya tafi ba ya sakin abin da ya sani. Idan ana buƙatarsa bayan ritaya, a ɗauke shi kwantiragi na wa'adi sananne a matsayin mai horarwa da ba da shawara, kujerar da sa hannun kuma su koma ga wanda ya gaje shi.